Biri ya yi kama da mutum, amma ina gawar?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ku da duk ma'aikatan gidan rediyonku. Abin da ya sa na rubuto shi ne shirinku na daren Juma'ar da ta wuce, inda kuka kawo labarin halittar nan mai siffar gwaggon biri da ake cewa tana yawo a dazukan Amurka da Kanada, wadda Turawa ke kira Bigfoot, wato mai ƙaton sawu. Tun ranar fadarmu ta nan Bagalam ba ta da wata hira sai ita, har shayi ya ƙone a kan gawayi ana gardama. Bidiyon da ake cewa na halittar ne kuwa sau uku yana shigowa salulata ta WhatsApp. Kun ba da labarin da daɗi, ban musa ba, sai dai a rabi kuka tsaya.

Ni jikan maharbi ne. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya yi rayuwarsa yana farauta a dajin Baban Rafi, kudu da Madarumfa. Ina yaro, wata kaka gero ya nuna, mata masu dawowa daga itace suka shigo gari a guje, sun ce sun ga Dodo tsaye a gona, baƙi wuluk, yana kallonsu. Kafin lisha tsawonsa ya kai na mutum biyu. Washegari a kasuwa ya wuce rumbu. Da asuba Kaka ya ce in riƙe masa gora, muka tafi. Ya tsuguna a kan sawun ya daɗe, ya ɗauki wata zangarniya da aka gatsa ya juya ta, sannan ya sa tsinke ya tone kashin da ke gefen kunya, ga ƙwayar gero a ciki. Ya ce mini, "Kai yaro, jan biri ne, tsoho. In yana so ya hango abin da ke bayan karan gero, miƙewa yake a kan ƙafa biyu. Da magariba kuwa komai baƙi ne." Matan nan ba ƙarya suka yi ba. Sun ga wani abu, tsoro da duhu suka ƙara masa tsawo.

Ga abin da ba ku faɗa ba. Sunan Bigfoot ya bazu ne a 1958, lokacin da wani direban katafila, Jerry Crew, ya ga manyan sawu a wurin aikin hanya a Bluff Creek da ke Kalifoniya. Da Ray Wallace, ɗan kwangilar aikin, ya mutu a 2002, iyalinsa suka fito da ƙafafun katako da aka sassaƙa, suka ce da su yake buga sawun don ya tsokani ma'aikata. Bidiyon da ake ta turawa kuma na 1967 ne, Roger Patterson da Bob Gimlin suka ɗauke shi a wannan yankin, kuma duka-duka kamar minti 1 ne. Daga baya wani mai suna Bob Heironimus ya ce halittar da ke cikin bidiyon shi ne, sanye da rigar gashi. Masu imani da Bigfoot sun ƙaryata shi, kuma har yau ana ja-in-ja. To, a bar wannan. A 2008 wasu mutum biyu daga jihar Jojiya ta Amurka suka tara 'yan jarida sun ce gawar Bigfoot na cikin firiza. Da ƙanƙara ta narke sai ga rigar roba. Hatta hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta taɓa karɓar gashin da ake zaton na Bigfoot ne a 1976 ta gwada, ta ce na wata irin barewa ne.

Ɗan'uwan Bigfoot na tsaunukan Himalaya, Yeti, shi ma haka. A 2017 masana a jami'ar Buffalo suka gwada ƙwayar halittar abubuwa 9 da aka adana da sunansa, ƙashi da haƙori da fata da gashi. Guda 8 na beyar ne, dabbar nan mai gashi da kan miƙe tsaye kamar mutum, ɗaya kuma na kare. Sawun da ake gani a dusar ƙanƙara kuwa, duk wanda ya taka yashin gulbi da safe ya dawo da azahar ya san yadda bakin sawu ke zubewa ya faɗaɗa, na yaro ya koma na ƙato.

Wani malamin makaranta a fadarmu ya kawo hujja mai kyau, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ya ce gwaggon birin tsauni na Ruwanda da Kwango ai masana ba su san da shi ba sai a 1902, alhali mutanen wurin sun daɗe da saninsa. Gaskiya ne. Amma ta yaya aka yarda? Wani hafsan Jamus ne ya harbe su, aka kai ƙashi aka auna. Yau yawansu ya ɗan haura 1,000, kuma ana bin su ana ƙirgawa. Ko ƙaton birin nan da ya taɓa rayuwa a kudancin Sin ya ƙare tun shekaru dubbai barkatai, haƙoransa da muƙamuƙinsa suna nan a ajiye. Wanda ya ɓace tuntuni ya bar haƙori, wanda ake cewa yana raye bai bar ko ɗaya ba?

Nan ne hankalina ya ƙi ɗauka. Dabba ba ta zama ita kaɗai shekara da shekaru. Sai da uwa da uba da 'ya'ya, sai da garke, kuma garke yana ci, yana kashi, yana mutuwa, mota na bankewa. Mu duba raƙuman dawanmu na Kure. A 1996 saura 49 kacal, amma ba wanda ya yi shakkar suna nan, domin manoma na korarsu daga gonar wake. A 2018 aka ɗauko 8 aka kawo Gadabeji, nan cikin jiharmu, kuma ma'aikatan gandun daji da makiyaya sun san inda suke kiwo. Dabba 8 ba ta ɓuya a Gadabeji ba, sai garken ƙattai ne zai ɓuya a Amurka, ƙasar da maharba ke ɗaura kyamara a jikin itace, kowa kuma da salula a aljihu? Kyamara kullum ƙara kyau take, hoton Bigfoot kullum dishi-dishi.

Wani dattijo ya ce mini to aljannu fa, su ma ba ma ganinsu. Na ce, Baba, wannan daban. Aljani gaibu ne, Alƙur'ani ya ba mu labarinsa, ba a nemansa da tarko. Masu Bigfoot kuwa cewa suke dabba ce mai jini da tsoka, tana taka ƙasa tana barin sawu. Wanda ya ce haka shi ya jawo wa kansa tambayar maharbi: ina kashin, ina gawar?

Roƙona, Malam Edita, ku sake shirin. Ku gayyato tsohon maharbi ɗaya da ma'aikacin gandun daji ɗaya, ku nuna musu bidiyon, mu ji abin da za su ce a kan tafiyar wannan halitta. Ranar da kuma aka kawo haƙori ko ƙashi aka tabbatar, ni zan fara rubuto muku in janye maganata, shayin fada na wannan makon kuma a wuyana.

Naku mai sauraro,
daga unguwar Bagalam, Maraɗi