Gaisuwar Babbar Sallah daga Las Vegas

Assalamu alaikum Yaya,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Sa'ad da kuke fiɗar rago mu nan ko asuba ba ta yi ba, awa takwas ke tsakaninmu. Na samu Idi, amma ana saukowa na koma bakin tasi, don garin nan bai san hutu ba.

Ka tambaye ni da me nake rage dare. Da 'yan barkwancin talabijin ne. Ƙarfe sha ɗaya da rabi, bayan labarai, mutum zai fito cikin kwat ya yi wa shugaban ƙasa shaƙiyanci son ransa, sannan ya zauna hira da baƙi. 'Yan kama ne dai, sai dai nasu albashi ake ba su. Uban shirye-shiryen shi ne Tonight Show na tashar NBC, wanda Steve Allen ya fara a 1954. Johnny Carson ya riƙe shi shekara 30, daga 1962 zuwa 1992, har yau tsofaffin fasinjojina da shi suke auna kowa. A bakin irinsu na koyi rabin Turancina.

Abin da ban gane ba sai da na zo nan: wannan dariyar da caca 'yan gida ɗaya ne. Jihar Nevada, inda Las Vegas take, ta halatta caca tun 1931, masu otal kuma suka lura mutum ba ya keto hamada don ya yi asara kawai, sai an haɗa masa da nishaɗi. Sai suka riƙa ɗauko waɗanda talabijin ya ɗaukaka. Carson da kansa yakan zo wasa a otal ɗin da ake kira Sahara (ka ji suna, alhali ko raƙumi babu). Jimmy Kimmel ma, wani mai irin wannan shirin na dare, a garin nan ya tashi, yana da gidan barkwanci mai sunansa. Zauren wasan otal kuwa galibi ba ka kai wa gare shi sai ka ratsa ta cikin teburan caca, shiga da fita. Ba agogo, ba taga, abin sha kyauta muddin kana zuba kuɗi.

Wani fasinja ya taɓa yi mini lissafin faifan cacar nan mai juyawa da ake jefa ɗan ƙwallo a ciki. Ramuka 38 gare shi, amma in ka canki lamba, ninki 35 suke biya. Wato a kowace dala 100 da aka zuba, biyar da 'yan kai ta mai gida ce, ko wa ya ci. Ni ke kai 'yan cacar da magariba suna ƙyaƙyata dariya, ni ke kwaso su da asuba, motar tsit kamar gidan makoki.

Shi ya sa hankalina ya tashi da na ji Auta ya fara cacar ƙwallo a waya. Haramcin ya sani, ba sai an karanta masa ba. Ka zaunar da shi ka yi masa wannan lissafin, kada dai Inna ta ji.

Kuɗin da na turo, ragowar na ɗinkin yara ne. Ka gaishe da Inna da Baba, su sa ni a addu'a. A soya mini kasona, ku ci a madadina.

Ƙaninka.