Ba kowane ƙullutun nono ne sankara ba, amma a adana takardar gwaji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu ja hankalin iyayenmu da 'yan'uwanmu mata mazauna Makka da Jidda.

Yawancin ƙullutun nono ba sankara ba ne. Mai ruwa a ciki, da mai santsin nan da ke zillewa ƙarƙashin yatsa, kusan ba sa ƙara haɗari. Abin dubawa shi ne sakamakon gwajin tsokar da aka ciro daga ƙullutun. In ƙwayoyin bututun nono sun yawaita amma siffarsu ba ta sauya ba, haɗarin sankara kan ƙaru ninki ɗaya da rabi zuwa 2. In siffarsu ta soma karkacewa, yakan kai kusan ninki 4, kuma ga nonon biyu, ba wanda aka yi wa aiki kaɗai ba. Nan ake tafka kuskure: an cire ƙullutu, an ce lafiya lau, sai Hajiya ta yar da takarda ta daina komawa asibiti.

Don Allah a karɓi takardar, a tambayi likita wane iri ne. Wadda siffar ƙwayoyinta ta karkace tana buƙatar hoton nono na mamogiram duk shekara, wani lokaci har da maganin tamoxifen mai rage haɗarin sankarar nono na shekara 5. Sakiya da ƙaho ba sa narkar da ƙullutu, jinkiri kawai suke jawowa.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Jidda