A Riƙa Gwajin Jini Kafin A Sayi Maganin Ƙarin Jini

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya game da wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, wato da zarar mace ta koka da jiri da kasala, aka ja fatar idonta aka ga cikin ya yi fari, sai a aiki yaro saidaliyya, wato kantin magani, ya sayo maganin ƙarin jini ba tare da an taka asibiti ba.

Haka muka yi da ƙanwata kusan shekara guda, tana shan ƙwayoyin ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke buƙata wajen haɗa jini, har suna ɗaure mata ciki, amma jinin bai ƙaru ba. Da muka kai ta gwaji, likita ta sa biro ta zagaye wani layi mai suna MCV, wanda ke nuna girman jajayen ƙwayoyin jini, ta ce idan ya gaza 80 to ƙwayoyin sun ƙanƙance. Galibi ƙarancin ayon ne ke jawo hakan, sai dai ba shi kaɗai ba, domin akwai talasimiya, wata cutar jini da ake gada, da ciwon da ya daɗe a jiki, har da gubar dalma irin wadda ta hallaka yara a Zamfara a 2010. Gwajin feritin, mai auna ayon da jiki ya adana, ya nuna ayon ɗinta bai ragu ba, wani gwajin kuma ya tabbatar cewa ta gaji talasimiya daga ɓangare ɗaya. Ashe ayon muke ta ɗura wa jikin da ba ya buƙatarsa, alhali jiki ba ya iya fitar da rararsa cikin sauƙi. Saudiyya ta wajabta wa 'yan ƙasarta gwajin sikila da talasimiya kafin aure tun 2004, amma da yawanmu a gida ake ɗaura mana aure, gwajin ba ya biyowa ta kanmu.

Ko da ƙarancin ayon ɗin ne, dole a binciki abin da ya jawo shi: yawan jinin al'ada ne, ko juna biyu, ko tsutsar ciki? Idan dattijo ne kuwa, wajibi ne a duba masa ciki da hanji. Sannan ana ci gaba da shan maganin kimanin wata 3 bayan jinin ya daidaita. Kuma a raba shi da shayin nan da muke kurɓa da zarar an ɗauke farantin kabsa, domin yana hana hanji tsotsar ayon, lemon zaƙi kuwa taimakawa yake yi.

Wassalam,
Wani mai karatunku, Makka