Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da na'urar daidaita mita ta GPS

Yallaɓai Manaja, assalamu alaikum.

Na rubuto wannan takarda a fili ne saboda saƙonnin da na aiko muku ta WhatsApp ba su haifar da komai ba sai "a ƙara haƙuri", kuma na san akwai abokan sha'awar rediyo a Katsina da Daura da Funtuwa da ke tara kuɗi don sayen irin kayan da kuka aiko mini.

Kun tallata na'urar a kan cewa sabuwa ce fil, tana karɓar sigina daga taurarin GPS, ta fitar da sigina mai mitar megahaz 10 da megahaz 25 marar gocewa, da bugun lokaci sau ɗaya a kowane daƙiƙa. A kan haka na biya, kuka sako ta a motar kaya, da rasit da garantin shekara guda. Abin da ke kan teburina ba shi ne kuka tallata ba.

Bari in faɗi amfaninta a wurinmu, don yaron da ke amsa wayarku ya ɗauka abin ado ce. Muna hira da juna ta hanyar QO-100, wato sashen masu sha'awar rediyo da ke jikin tauraron Es'hail-2 na ƙasar Katar, wanda aka harba a Nuwamban 2018. Muna aikawa a kan gigahaz 2.4, mu karɓa a wajen gigahaz 10.5 da dish irin na talabijin. A cikin LNB na dish ɗin, wato kan da ke karɓar sigina a gabansa, akwai kiristal mai ba da mitar megahaz 25, ana ninka shi sau 390 kafin a samu megahaz 9,750 da ake buƙata. Ke nan in kiristal ya kauce da haz 10 kacal, a sama ya zama haz 3,900, alhali faɗin muryar mutum gaba ɗaya a wannan hanya bai wuce haz 2,700 ba. Kana cikin gaisawa da mutumin Brazil ko Indiya sai muryarsa ta siranta, ta sulale, ka bi ta da hannu. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 da rana, sanyin hunturu kuma ya sauko da asuba, kiristal ba ya zama wuri ɗaya. Maganin shi ne a ɗaure shi da agogon atam da ke cikin taurarin GPS, can nisan kilomita 20,200. Aikin na'urarku ke nan, ba ta da wani.

To ga abin da take yi. Tauraron yana da sigina ta alama a kan megahaz 10489.750 wadda kowa ke auna kansa da ita. A allon kwamfutata ya kamata ta tsaya cak a layi ɗaya. Da na'urarku a jone, layin yana karkata a hankali tun hantsi, ya dawo bayan la'asar, daidai yadda yake yi in babu ita.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne koriyar fitilar da kuka ce in ta kama, an ɗaure da tauraro. Na kwance wayar eriyar gaba ɗaya, na ajiye ta a gefe, fitilar nan tana nan kore shar har dare. Na'urar awo ce fa. Mudun da aka lotsa gindinsa ya fi rashin mudu cutarwa, don mai saye ya tafi gida yana ganin an cika masa. Da ja ta nuna mini, da na san matsayina.

Da na kai ƙorafi, aka ce mini hazon Arewa ne ke tare siginar. Wannan magana ba ta da tushe. GPS na saukowa a kan megahaz 1575.42, kuma ƙura ba ta tare wannan mita. Na ɗora eriyar a saman rufin kwano, babu bishiya babu gini a kanta, wayar hannuna kuma a wuri guda tana ganin taurari fiye da goma, alhali huɗu sun isa a samu wuri da lokaci. Direbobin da ke bin hanyar Jibiya da taswirar waya ba su daina aiki a hunturu ba.

Sai kuma kwanan wata. Na'urar tana nuna ranar da ta wuce da shekara 19 da 'yan watanni. Duk wanda ya san GPS ya san dalili: tsohon tsarin yana ƙirga mako 1,024 ne ya koma sifiri, kamar yadda ya faru a Agustan 1999 da kuma 6 ga Afrilun 2019, tsofaffin na'urori da ba a sabunta manhajarsu ba sai su koma baya. Sabon kaya ba ya yin haka. Ban ɓalle hatimin garanti ba, amma ta ramukan shan iska ana hango tsohuwar dalma da sawun inda aka ciro allon lantarkin cikinta daga wata na'ura. Ba laifi ba ne sayar da kayan gwanjo, da yawanmu da su muke aiki, kuma wasu sun fi sababbi inganci. A faɗa wa mutum gaskiya, a sa farashin gwanjo, shi ke nan. Ni ba zan iya ɗora agogon kwamfutata a kanta ba, ga shi tsarin FT8 na aika gajerun saƙonni ta kwamfuta da muke amfani da shi a gajeren zango yana karɓa-karɓa ne duk daƙiƙa 15, in agogonka ya kauce da 'yan daƙiƙoƙi ba mai karanta ka.

Ina so ku karɓi kayanku ku mayar mini da kuɗina cif, har da kuɗin mota. Ba na son canji sai in za ku gwada wata a gabana ta bidiyo, a cire eriya in ga fitila ta sauya. Ku kuma cire kalmar "sabuwa" daga tallarku, ku tuntuɓi sauran waɗanda suka saya, don wasu ba su da abin da za su auna ta da shi. In mako biyu ya wuce ban ji daga gare ku ba, zan kai rasit da hotuna gaban hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya.

Wassalam,
Wani mai sha'awar rediyo,
Ƙofar Marusa, Katsina.