A Kai Yara Gindin Gawo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da iyaye da malaman firamare, musamman masu koyar da ƙananan azuzuwa.

Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar ba ya gajiya da “me ya sa?” Mu kuwa amsarmu ba ta wuce “kai, ka cika surutu” ko “haka Allah Ya yi.” Gaskiya ne Allah Ya yi, amma ai da sababi Ya yi. A makaranta kuma sai a sa su rera cewa shuka tana buƙatar ruwa da iska da hasken rana, su haddace tsaf, alhali ba wanda ya gani da idonsa.

Abin ba ya cin kuɗi. Gwangwanin madara biyu, ƙasa, da ƙwayar wake. A riƙa ba su ruwa daidai, ɗaya a tsakar gida, ɗaya a ƙarƙashin gado. Duka za su tsiro cikin ’yan kwanaki, amma na cikin duhu zai yi tsawo, siriri, fari fat kamar mai jinya, yana karkata wajen da haske ke shigowa. Kada a yi saurin faɗa wa yaro dalili. A tambaye shi, ya yi ta lalube, ko da ya ce aljani ne. Haka ’yan tsutsotsin ruwan kududdufi: a ɗebo a kwalba, a ɗaure bakinta da ƙyalle, cikin mako ɗaya zuwa biyu zai ga sauro na tashi a ciki.

Babban malami dai a wurina shi ne gawo. Duk itatuwa suna ganye da damina, shi kuwa lokacin yake kakkaɓe nasa, sai rani ya yi ya koma kore shar. Ganyen da ya zubar taki ne, ba ya tare wa gero rana, dabbobin da suka sha inuwarsa da rani suna cin ’ya’yansa kuma sun bar kashinsu a wurin. Shi ya sa geron gindinsa ya fi na sauran gona tsawo da zangarniya. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka riƙa barin tohon itatuwa irin su gawo yana girma a gonakinsu tun shekarun 1980 sun farfaɗo da fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 ta wannan hanya. Ɗan aji biyu zai iya auna karan gero da igiya a gindin gawo da kuma nesa da shi, ya kawo wa malam bambancin.

Ina kira ga shugabannin makarantu su ware ko da rabin awa a mako don fita da yara waje, tun damina ba ta wuce ba.

Wassalam.

Daga wata malamar firamare, Daura.