Zuwa Ga Ɗana, A Kan Barcin Da Ya Ƙaurace Masa

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, mahaifiyarka ta shaida mini abin da ka faɗa mata a waya, cewa yau mako uku ke nan rabonka da giya da tiramadol da wiwi, amma tun ranar da ka bari barci ya ƙaurace wa idonka, har ka soma tunanin ko ka ɗan sha kaɗan da daddare don ka samu ka runtsa. Na gode wa Allah a kan makonni ukun nan. Wannan tunani naka kuwa shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin na fi jin tsoronsa a kan duk abokan da ka rabu da su.

Ba za ka tuna daren da aka kawo ka gida ranga-ranga ba, amma ni na kwana zaune a bakin katifarka. Kana minshari mai ƙarfi, sai numfashin ya ɗauke ɗif, in riƙa ƙirga daƙiƙu a zuciyata, sannan ka fizgo shi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Da gari ya waye ka tashi a gajiye tamkar wanda ya kwana yana noma. Wannan shi ne barcin da kake kewa yanzu, kuma ina so ka san ainihin abin da yake.

Na nemi bayani wurin wani likita da muke sallah a masallaci ɗaya. Ya ce barcin mai lafiya zagaye yake yi, kowane zagaye kimanin minti 90, yana bi ta barci mai nauyi inda jiki ke gyara kansa, ya kai ga matakin mafarki inda ƙwaƙwalwa ke tsara abin da ta tara da rana. Giya tana saurin kwantar da mutum, amma tana danne matakin mafarkin a farkon dare, idan kuma ta fara barin jini wajen tsakar dare sai barcin ya zama guntu-guntu, ga yawan tashi fitsari, ga naman maƙogwaro ya saki ya tare hanyar iska. Tiramadol da kodin kuwa suna rage barci mai nauyi, suna kuma raunana numfashi, shi ya sa haɗa su da giya ya kai matasa da dama kushewa suna kwance a kan shimfiɗarsu.

Shekaru ka yi kana danne ƙwaƙwalwarka kowane dare, ita kuma ta saba da yunƙurawa don ta ɗaga nauyin. Yanzu ka sauke nauyin, ita ba ta daina yunƙurin ba tukuna. Daga nan ne juye-juye da zufa da bugun zuciya suke, da wannan tsamin ƙafafu da ke hana ka kwanciya wuri ɗaya, wanda sananne ne ga mai barin tiramadol. Munanan mafarkan da ka ambata, waɗanda mahaifiyarka ta so ta ɗora wa iska, bashin mafarki ne da giya da wiwi suka tara maka, ƙwaƙwalwa take biya a lokaci guda. Na wiwi kan ɗauki wata guda ko fiye kafin su lafa. Barcin wanda ya daɗe yana shan giya kuwa yakan yi watanni kafin ya koma daidai, kuma ba zan ɓoye maka wannan ba, domin likitoci sun san cewa rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutum ruwa bayan ya fito.

Abin da nake roƙonka shi ne kada ka taka kemis neman maganin barcin nan Valium ko ɗan'uwansa, domin sauya igiya ne kawai, ɗaurin yana nan. Idan kuma dama kana shan irinsu ba ka faɗa mana ba, kada ka yanke su rana ɗaya, saboda hakan yana jawo jijjiga. Wannan aikin likita ne, kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri suna kula da masu irin lalurarka. Ni zan raka ka da ƙafata, ba na jin kunyar a gan ni a can.

Ka tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, asuba ta ishe ka, ko da sa'a biyu kacal ka runtsa. Ka fita rana ta taɓa ka da hantsi, ka yi aikin da zai gajiyar da jiki. Ƙailula kada ta wuce rabin sa'a. Goro da kofi da shayi mai kauri ka bar su tun daga azahar, domin rabin sinadarin da ke hana barci a cikinsu yana nan a jini bayan sa'a biyar. Na san ni ma ba na rabo da goro, to mu bari tare. Idan ka kwanta barci ya ƙi, kada ka zauna kana kokawa da filo ko latsa waya. Ka tashi ka yi alwala, ka buɗe Alƙur'ani a ƙaramin haske, sai ka ji gyangyaɗi sannan ka koma.

Ka samu littafi ka riƙa rubuta sa'o'in da ka yi barci kowace safiya, ka zo mini da shi ranar Juma'a mu duba tare, mu kuma kai wa likita. Idan dare ya yi maka tsawo, ka buga mini waya ko ƙarfe uku ne, domin tsoho dama ba ya cika barci.

Allah ya ba ka lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.