Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Dakta Tedros Adhanom Ghebreyesus

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan ɓarnar da sauyin yanayi ke yi wa lafiyar jama'a. Hukumarka da kanta ta ƙiyasta cewa tsakanin 2030 da 2050 za a riƙa samun ƙarin mutuwar mutum kusan 250,000 duk shekara saboda tamowa, zazzaɓin cizon sauro, gudawa da tsananin zafi. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi (COP28) na Dubai a 2023, ƙasashe sama da 120 sun amince da sanarwa kan yanayi da lafiya, sai dai a ganina alƙawarin bai sauka ƙananan asibitoci ba tukuna.

Ambaliya kam kowa na ganin aikinta: bayan ta Fakistan a 2022, ruwan da ya kwanta ya haifi sauro har masu zazzaɓi suka ninka kusan sau biyar. Zafi ne ke kisa a ɓoye. Tsoho mai ciwon zuciya ko na ƙoda yakan kwana a ɗakin da bai huce ba har asuba, jikinsa ya bushe, ya cika, kuma a takarda ciwon da aka san shi da shi za a rubuta. Turai ta iya gano cewa zafin 2022 ya kashe mutum sama da 60,000 ne domin tana rajistar mace-mace, alhali ƙasashe da dama da rana ta fi gasawa ba su da cikakkiyar rajista, don haka ba a ware wa matsalar kuɗi.

Roƙona shi ne ka matsa wa gwamnatoci lamba su gyara wannan ƙidaya, su kuma haɗa masu hasashen yanayi da ma'aikatan lafiya. Birnin Ahmedabad na Indiya ya gwada haka tun 2013, bayan zafin 2010 ya hallaka fiye da mutum 1,300: ana gargaɗi kafin ranar tsananin zafi, a tanadi ruwan sha da inuwa, asibitoci kuma su shirya gadaje da ƙarin ruwa.

Gargaɗin ma ba zai wadatar ba matuƙar kusan mutum biliyan ɗaya sun dogara da asibitocin da ba su da tsayayyar wutar lantarki, inda allurar rigakafi ke lalacewa a firjin da ya mutu. Ina fatan za ka sa samar musu da wutar sola a gaba duk lokacin da ake rabon kuɗin tunkarar sauyin yanayi.

Huta lafiya,
Wani mai bibiyar harkokin lafiya